Zaren Da Ban Ƙulle Ba

Kakata ta wajen uba, wadda duk gidan muke kira Inna don haka Baba ke kiranta, ba ta taɓa sayar da ko adiko ɗaya ba. Sana'arta suyar kifi ce, ɗinkin hannu kuwa abin hutunta ne. Teloli a kasuwar Malanville sun san ta, suna tara mata guntayen ƙyalle, ita kuma ta mai da su hular jarirai, da zabirar kwalli, da rigar matashi mai fure a tsakiya. In aka yi suna a unguwa sai ta je da hula, in biki ne ta je da adiko. Ta koya mini ɗinkin, amma da masifa. Sau goma za ta sa in warware layi ɗaya, tana ce mini sauri ya haifi nawa, ni kuwa tun ina ƙarama ban iya zama wuri guda ba.

Ba ta ɗinki bayan magariba. Da an kira salla sai ta soke allura a ƙyalle, ta rufe gwangwaninta na kayan ɗinki. Lokacin ɗari, idan gulbi ya cika har ana jin sanyinsa cikin gari, takan hura wuta a kasko a bakin ɗakinta bayan isha'i, mu jikoki mu kewaye ta. Hannunta bai iya zaman banza ba, don haka tana magana tana naɗe zaruruwa a guntun kara, ja daban, kore daban. Har yau in na ji ƙamshin hayaƙi ya haɗu da na man kifi, muryarta nake ji.

Shekarar da nake son ba da labarinta ina da shekara tara. Baba yana da jirgin ruwa mai inji, yana lodin albasa a Garu ya gangara da ita kasuwannin da ke ƙasa, tafiyar kwana uku zuwa da dawowa. Kullum yana ƙorafin takardunsa na jiƙewa, ga 'yan duwan, wato kwastan, da jandarma ba su jin uzuri. Sai na ce ni zan ɗinka masa jakar takardu. Na saci shuɗin ƙyalle da jan zare a gwangwanin Inna, na ɓoye mata, don na san in ta gani sai na warware. Kwana huɗu ina yi a bayan rumbu, har na yi masa ɗan kifi a jiki, wanda ƙanena ya ce ya fi kama da takalmi. Ranar tafiyar ina kan gefen ƙarshe sai na ji Baba yana sallama. Na datse zaren da haƙori, ban tsaya ƙulli ba, na bi shi a guje har ƙofar gida. Ya juya jakar a hannu, ya sa mini albarka, ya zuba takardunsa ciki ya tafi.

A daren ranar ne Inna ta ba mu tatsuniyar Gambi. Ita ba ta buɗe tatsuniya irin ta mutane, cewa take yi, "Ga ta nan tahe, ku ba ta wuri." Mu kuma mu ce ta zo ta zauna.

Ta ce a wani ƙauye na bakin gulbi, wanda ruwa ya cinye tun ba a haifi kakanta ba, an yi wata mata Gambi mai son ɗinki, ba yaron da ake haifa a garin bai sa hularta ba. Wata rana da almuru sai ga baƙuwa ta yi sallama, da goyo a lulluɓe har kai. Bakin zanenta a jiƙe yake, alhali rabon gari da ruwan sama wata biyar. Ta roƙi Gambi hular farin ƙyalle don ɗanta. A nan Inna ta rage murya, ta yi maganar baƙuwar a hankali, kamar mai ciwon maƙogwaro.

"Amma kada ki ƙulle zaren, 'yar'uwa. Ƙulli na hana mishi kwana."

Gambi ba ta iya cewa a'a ga mai goyo, sai ta ɗinka ta ba ta. Da baƙuwar ta tafi, Gambi ta ga inda ta zauna a tabarma ya jiƙe, goyon kuma tun zuwansu bai motsa ba, ko tari bai yi ba. Bayan mako sai ga ta ta dawo neman hular wani ɗan, bayan wani makon ta sake dawowa. Gambi ta yi mamakin yawan 'ya'yan, amma ba ta tambaya ba. Abin da ba ta lura da shi ba shi ne hannunta ya saba. Ɗinki ba ƙulli ya fi sauri, hannu kuwa abin da ya fi sauƙi yake riƙewa.

Sai aka yi haihuwa uku a ƙauyen da maƙwabtansa cikin mako guda, Gambi ta ɗinka huluna uku ta rarraba. Ran nan da yamma tana dawowa daga ɗiban ruwa ta ga farin zare a miƙe kan hanya, ya fito daga wani gida ya nufi gulbi, yana tafiya a hankali, wani na jansa daga cikin ruwa. Ta bi shi zuwa cikin gidan, ta tarar da jariri a kwance, hularsa na warwarewa layi-layi, numfashinsa na raguwa tare da ita. Ta kama abin da ya saura ta ƙulle, jan ya tsaya, yaron ya fashe da kuka. Ta ruga gida na biyu, can ma ta samu saura kaɗan, ta ƙulle. Na ukun ne ta rasa wa ta ba. Ta shiga gida-gida tana tambaya, ba wanda ya sani.

Da ta koma ɗakinta sai ta samu baƙuwar zaune a tabarma, wannan karon da goyo biyu, ɗayan sanye da guntun farar hula.

"Mi nay yi miki?" in ji Gambi.

"Ba ki yi mini komi ba sai alheri. Mu ba mu ɗaukar na kowa. Abin da anka bari ba ƙulli, shi na namu."

Inna ta ajiye karan zarenta ta ce zare ya ƙare, a nan tatsuniya ta tsaya. Yayata ta tambaye ta don me matar ta ce haka. Inna ta dube ta kamar ta yi tambayar wauta, ta ce ai likkafani kaɗai ake ɗinkawa a bar zaren sake, don mai shi ba a riƙe shi, sallamarsa ake yi. Duk abin da za ka ɗinka wa mai rai, in ji ta, sai ka ƙulle.

Sauran yara suka yi ta tsokanar juna har suka watse. Ni ban iya tashi ba. Kunnena na jin ƙarar gulbi wadda da ban taɓa kula da ita ba. Na sallami ubana da hannuna, kuma a kan ruwa yake. Da Inna ta ce in tashi in kwanta sai kuka ya ƙwace mini, na gaya mata komai, har satar ƙyallen.

Na zaci za ta yi dariya ta ce tatsuniya ce kawai, ko ta zage ni. Da ta yi ɗaya daga ciki da na samu barci. Sai kawai ta tambaye ni ko akwai ragowar zaren. Na ɗauko mata. Ta miƙo mini shi ta ce in ƙulle bakinsa da hannuna, in yi bisimilla, in kira sunan Baba. Na yi, ta karɓa ta rataya a ƙusar da ke saman ƙofarta. Sau biyu tana komawa ta duba ko ƙullin ya kama. Ranar na gane cewa mai tatsuniyar ma tana tsoron tatsuniyarta, wannan ya fi labarin Gambi firgita ni.

Kwana uku ban san me aka koyar a lakwal, wato makaranta, ba. Da an tashi sai in wuce mashaya in tsaya ina ƙirga jirage. Duk igiyar da na gani kwance a yashi ta nufi ruwa sai gabana ya faɗi. Rana ta uku ta zo ta wuce, Baba bai dawo ba. Lokacin ba wayar hannu, ba wanda za a tambaya. Mahaifiyata ta ce ƙila ciniki ne ya riƙe shi, ta ci gaba da aikinta, don ba ta san abin da ni da Inna muka sani ba. Daren nan Inna ba ta hura wuta ba, ta ce kanta ke ciwo. Na kwana a ɗakinta, ina ji tana jan tazbaha, ni kuma idona na kan jan zaren da ke ƙusa, ina jiran in ga ya motsa.

Washegari da azahar sai ga Baba ya yi sallama, da buhu a kafaɗa, lafiyarsa ƙalau. Ko sannu da zuwa ban yi masa ba, na zura hannu a aljihunsa na zaro jakar. A bakin ɗinkin, daidai inda na datse da haƙori, akwai ƙulli. Ƙarami ne, a matse, an yi masa naɗi biyu, ba irin wanda Inna ta koya mana ba. Na kai mata. Ta kai shi kusa da ido ta daɗe tana dubawa, ta dubi ɗanta, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce a ba shi ruwa. Ba ta tambaye shi ba, ni ma ta hana ni da ido.

Inna ta rasu ina budurwa. Na yi aure, na haihu, na gaji gwangwanin da halin raba huluna a gidan suna. Shekaru da yawa ina ɗaukar darasin a sauƙaƙe, wato ka gama abin da ka fara, haka ma nake faɗa wa 'ya'yana. Sai bara, da ƙafa ta zaunar da Baba ya bar gulbi, na je gaishe shi na tarar yana neman katin asibiti, ya zaro shi daga cikin jakar nan. Shuɗin ya koɗe, kifin ya zube saura wutsiya. Na ce yau kam sai ya gaya mini wa ya ƙulle.

Ya yi dariya kaɗan, ya ce ko na zaci ni ce ta farko da Inna ta ba tatsuniyar Gambi. Yana da shekara bakwai ya ji ta, a gaban kaskon nan. Ya ce sun yi lodi a Garu sun gangara, la'asar ta yi sanyi, ya ciro jakar sai ya ga zare na lilo, har ɗinki biyu sun zame. Ƙato da shi, mai 'ya'ya biyar, sai ga tatsuniyar ta faɗo masa a rai. Ya gwada ƙullewa, zaren ya yi gajere, yatsunsa sun yi kauri. Sai ya karkata jirgi ya nufi gaɓa, abokan tafiya na ta faɗa, shi kuma kunya ta hana shi faɗin dalili, ya ce musu inji ne. Ya hau tudu ya tarar da bukkoki uku na masunta, ba kowa sai wata mata zaune a ƙofar ɗaya, da allura a hannunta, zare a ciki, ba ƙyallen da take ɗinkawa.

Baba ya ce mini, "Ban ce mata komi ba, Rabi. Hannu kawai tam miƙo. Da tag gama tac ce, ɗiyarka ta, ko? Ka ce mata ta bar kuka."

Kafin ya sauko duhu ya rufa, sauran suka ƙi tafiya cikin dare da ruwa cike, suka kwana nan cikin jirgi. Kasuwa ta wuce su, suka jira ta gaba. Wannan shi ne kwanan da ya ƙaru, wanda na kusa mutuwa a cikinsa. Na tambaye shi ko ya koma ya yi wa matar godiya, ko da albasa ce ya kai mata. Ya ce ya wuce wurin ya fi sau ɗari, kullum yana kawar da kai zuwa ɗaya gaɓar.

"Don mi, Baba?"

"Ban so in duba in ishe babu bukka."

Na dawo gida ina juya maganar. Ban san wace ce matar ba, kuma na bi sahun Baba, ban nemi sani ba. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Ni a wancan lokacin na ɗauka ni kaɗai ke ɗauke da tsoron, ashe mu uku ne, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa don kada ya ƙara masa nauyi. Kuma da Baba ya so, da ya juye takardunsa ya jefa jakar a ruwa ya huta, ba wanda zai sani. Na faɗa masa haka a waya washegari. Ya ce ya yi wannan tunanin tun a cikin jirgi, amma in mutanen ruwa, irin baƙuwar Gambi, suka karɓi jakar, aikin hannun wa suka karɓa? Ya ce ya gwammace abin ya tsaya a aljihunsa.