Ranar da Muka Zauna Gaban Sufeto

Shekara uku na yi ina aiki a wani kamfanin nama a unguwar Ambassatna kafin in samu cikin 'yata ta fari. Mu mata shida ne a ɗakin sanyi, muna yanka nama, mu auna, mu ɗaure a leda, mota ta kai wa otal-otal. Daga unguwarmu Gassi nake tasowa bayan asuba, in matsu a ƙaramar bas har cikin gari. Ina son aikin. 'Yar mahauta ce ni, wuƙa ba baƙuwata ba ce.

Mai kamfanin, wanda kowa ke ce wa Alhaji, abokin Babana ne. Tebur ɗaya suka fara sana'a a unguwar Mardjandafak suna samari. Shi ya sa da ya ɗauke ni aiki ban nemi wata takarda ba. Kunya ma ba za ta bar ni ba.

Cikin na wata shida ya kira ni ofishinsa.

"'Yata, ɗakin sanyi bai dace da ke ba yanzu," in ji shi. "Ki je gida ki huta."

Na ce, "Zuwa yaushe, Alhaji?"

Bai dube ni ba. "Na riga na samu wadda za ta tsaya a wurinki. Mace in ta haihu, hankalinta rabuwa yake yi."

Na fito na cire rigar aiki. A bakin famfo babbarmu ta same ni, wata mata 'yar kudu da ta daɗe tana aiki a otal kafin ta zo wurinmu. Da Larabci muke magana da ita. Da ta ji abin da ya faru sai ta rufe famfon, ta ce doka ta hana a kori mace saboda ciki. Ta ce ina da konje, wato hutun haihuwa, na mako goma sha huɗu, kuma wurina zai jira ni. Na ce ai ba ni da kontira, wato takardar ɗaukar aiki. Ta ce, "Shekara uku kina shigowa ta ƙofar nan. Wa bai gan ki ba? Ki je wurin sufeton ƙwadago. Ni zan ba da shaida."

A gida Inna ta ƙi sam. Ta ce mu Hausawan garin nan nawa ne da za mu riƙa kai juna gaban hukuma? Da wane ido za ta dubi matar Alhaji a wurin biki? Mijina ya ce abin da Baba ya yanke shi ke nan. Baba yana zaune yana wasa wuƙarsa a dutse, da ya gama sai ya dube ni.

"Sata kika yi masa?"

"A'a, Baba."

"Kin taɓa fashin aiki?"

"Sau biyu, da na yi zazzaɓi."

"To, shirya. Gobe tare za mu."

Sufeton wani siririn mutum ne mai tabarau, takardu sun cika masa tebur. Ya saurare ni har na gama, ya duba katin asibitina da katin shiga kamfani mai hotona. Ya ce rashin takarda bai kankare aikin da na yi ba, kuma nauyin yi wa ma'aikaci rajista a wuyan mai kamfani yake, ba a wuyana ba. Ya rubuta takardar kira, ya sa mana rana.

Ranar Alhaji ya zo da babbar riga, da alama ya zaci ni kaɗai zai tarar. Da ya ga Baba a kan benci sai ya tsaya cak. Suka gaisa a taƙaice. Babbarmu ma ta zo, ta bar aikin ranar saboda ni.

Alhaji ya ce shi tausayina ya ji, ɗakin sanyi na iya cutar da cikin. Sufeto ya ce wannan tunani ne mai kyau, amma maganinsa a canza mini wuri, ba a sallame ni ba. Ya buɗe littafin dokar ya karanta da Faransanci, sannan ya maimaita da Larabci a hankali don kowa ya ji. Alhaji ya juya ya ce wa Baba da Hausa, "Har sai mun zo nan? Da ka same ni a gida mana."

Baba ya ce, "Da ka same ni kafin ka kore ta."

Ni dai na sunkuyar da kai, amma zuciyata fes take. Alhaji ya ɗauki alƙalami ya sa hannu a takardar sulhu. Aka mayar da ni teburin karɓar oda, inda babu sanyi, har lokacin hutuna ya yi. Sufeto ya kuma tambaye shi sauran matan biyar ɗin, su suna da takarda? Kafin wata ya ƙare kowaccenmu ta samu kontira da sunanta a jiki.

Da na haihu Alhaji bai zo suna ba, matarsa ya aiko. Shi da Baba sun yi kusan shekara gaisuwa kawai ke haɗa su, kuma na san abin ya yi wa Baba ciwo ko da bai faɗa ba.

Da hutuna ya ƙare na koma. Doka ta ba mai shayarwa awa guda a cikin lokacin aiki, sai na riƙa ajiye jaririyar a gidan Gwaggona nan Ambassatna, layi uku daga kamfani. Ranar farko, ƙarfe goma sha ɗaya na yi, na wanke hannu na nufi ƙofa. Alhaji na tsaye a wurin yana magana da direba. Na gaishe shi, na ce zan je in ba yarinya nono.

Ya dubi agogonsa, ya dube ni, sannan ya matsa gefe.

"Ki gaishe da Gwaggon taki," in ji shi.

Na bi layin da sauri, rana na dukana, ina ta dariya ni kaɗai har mai shayi ya ɗago kai yana kallona.