Lambuna, Magen Kaka da Hukuncin Akuya

Wautar da na tafka ita ce na ɗauki akuyarmu aikin likita.

Abin ya faro ne ran da na ga tsakar gidan wani abokina a Limancin Kona ya yi shar da ganye. Na dawo unguwarmu Kusfa ina rantsuwa sai namu ya fi nasu. Na tattaro gwangwanaye, da tsohuwar randa, da bokitin da ya fashe, har da wanda bai fashe ba, na taimaka masa. Sarauniyar lambun wata shuka ce mai faffaɗan ganye da ɗigo-ɗigon fari.

Sai dai na manta da magen Kaka. A gidanmu akwai jikoki, akwai mage, kowa kuma ya san wanda ke gaba a zuciyar Kaka. Magen nan ta gatsi ganyen mai ɗigo-ɗigon, nan take miyau ya ɓalle mata, tana ta dirzar baki da ƙafa. Salatin da Kaka ta saka, na tabbata an ji shi a kan dutsen Kufena. Aka garzaya da ita asibitin dabbobi, Allah ya taimaka ta warware.

"Kai, mijin banza," in ji Kaka, tana nuna ni da carbi. "Ko ka shuka abin da ba zai cutar min da ita ba, ko tukwanenka su koma bola ran Juma'a."

"Haba amarya, a kan mage za ki kashe aurenmu?"

"Ita tana kama ɓera. Kai me kake kamawa ban da cokali?"

Nan dabara ta faɗo min, har na yi tsalle. Duk ganyen da akuya ta ci ta tashi lafiya, ai mage ma za ta ci lafiya! Na jera wa akuyar lawashin albasa, ta cinye. Na'a-na'a, ta lamushe. Alobera, ta tauna tana lumshe ido. Ta ƙara da gefen rigata. Na yi shela a tsakar gida cewa komai ya ci jarrabawa.

Ranar Alhamis yayata, wadda ke karatun likitan dabbobi a jami'a, ta zo gida. Da na yi mata bayanin bincikena, dariya ta zaunar da ita a kan turmi.

"Akuyar da ke cin leda da kwali ka ba alƙalanci? Cikinta daban, na mage daban. Albasa tana lalata wa mage jini, alobera kuma gudawa za ta sa ta. Kwashe su."

"Yaya, to me zai rage min? Ƙasa?"

Ta ja ni wurin masu sayar da fulawa a bakin titi. Duk wadda na nuna sai ta ɗauki hotonta, ta nemo sunanta a waya, ta duba. "Wannan guba. Wannan gubar ta fi." Na fara zargin duk wani abu mai kyau a duniya maƙiyin mage ne. Can sai ta tsaya kan wata mai siraran ganyaye masu ratsin fari, da 'ya'ya suna reto kamar gizo-gizo. "Wannan lafiya lau." Na rungume tukunyar kamar an ba ni mota. Muka haɗa da ɗoɗɗoya, ta kuma sa na ɗebi alkama a rumbun Inna na shuka a faranti, wai tsironta abin taunawar mage ne.

Ran Juma'a Kaka ta zagaya lambun da sandarta, ta shinshini ɗoɗɗoyar, ta ce a bar su. Mai ɗigo-ɗigon kuwa kawuna ya ɗauke ta zuwa ofishinsu. Ɗoɗɗoyar ba ta kai wata ba, Inna ta ƙarar da ita a miya.