Tudun Ƙasa Uku a Gaban Gidan Madam

Gidan da nake gadi a Maje na wata malamar makaranta ne, mutuniyar Filato, wadda ta yi ritaya ta koma wajen 'yarta a Abuja. Madam muke ce mata. Ta ba ni ɗaki biyu na boskwata a bayan gida, ni da iyalina, ba kuɗin haya, sharaɗin kawai in kula da gida da ciyawar da ke gabansa. Ba ni da wani wurin zuwa. Gonar mahaifinmu ta Iku an daɗe da yanka ta filaye, gidajen haya ne a kanta yanzu. Idan aka kore ni daga ɗakunan nan, 'ya'yana sai titi, kuma babu ranar da ban tuna da haka ba.

Ciyawar irin ta Turawa ce, mai laushi kamar kafet, marigayi mijin Madam ne ya shuka ta. Da damina aski kawai take so. Da rani kuwa ta fi saniya shan ruwa. Rijiyar gidan takan ƙafe, sai in riƙa tare 'yan garuwa, kura bayan kura, ƙasa ta shanye kamar ba a zuba ba. Mai injin yankan ciyawa kullum kukansa fetur ya tashi. Ga maganin gara. Duk ƙarshen wata idan zan kira Madam in faɗa mata abin da ciyawa ta ci, sai in ji tsoron kada ta zaci ni nake ci.

Wata rana ita ta kira ni da kanta.

"Baba, ciyawan nan zai kashe ni," in ji ta, da Hausarta ta mutanen Jos. "Fansho na ba ya kai. Ka cire shi duka."

Ta ce a unguwar 'yarta ta ga gidajen da ba ciyawa, farar tsakuwa ce kawai da tsirrai marasa shan ruwa, irin su alobera da lalle. Za ta turo tifar tsakuwa. Na tambaye ta yadda zan tsara wurin.

"Kai ba manomi ba ne? Ka yi yadda ka sani."

To, abin da na sani shi ne shuka a kan tudu take zama. Haka muka tashi muna yi wa doya da rogo. Da na tone ciyawar, sai ga baƙar ƙasa mai kyau a ƙarƙashinta, wadda marigayi ya saya ya zuba. Na ga zubar da ita ɓarnar dukiyar mutane ce, ni kuma aka ba amana. Na tara ta, na cakuɗa da kashin kaji, na ja igiya don kada aiki ya karkace, na yi tudu biyu dogaye a jere da katanga, tsawonsu daga kudu zuwa arewa. Ƙasar da ta rage ba ta da yawa, na ukun ya fito gajere. Na kewaye kowanne da duwatsu don kada ruwan sama ya zaizaye shi, na lulluɓe su da farar tsakuwa, sauran na baje a filin. A ƙarshen kowane tudu, ta wajen kudu inda inuwar mangwaro take kaiwa, na dasa alobera guda.

Wallahi da na gama na tsaya na duba, daɗi na ji. Buta ɗaya ta ishi wurin da a da kura ba ta isarsa. Safe da yamma nakan tsuguna a gefen tudun, in zuba ruwa a hankali, ina karanta 'yar addu'ar da nakan yi wa kowace shuka. Get ɗin gidan kuwa na sandunan ƙarfe ne, duk mai wucewa yana hango ciki.

Mai ƙosai ta bakin layi ce ta fara. Na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago kai ba. Na yini ina lissafin abin da na yi mata. Sai yaran makaranta suka koma tsallakawa ɗaya gefen titi in sun zo daidai gidan. Ɗan garuwar da ya saba shigowa har bayan gida ya ajiye mini jarka a waje, ya ce sauri yake yi. Na ɗauka fushi ne don ciniki ya ragu. Ranar da wani tsoho baƙo ya tsaya a bakin get, ya ɗaga hannu ya shafa fatiha ya wuce, ko a lokacin ban gane ba.

Matata ce ta zo da maganar daga wajen niƙa. Ta shigo ba garin, ba robar, mayafi a hannu.

"Malam, ka kashe mu."

"Subhanallahi, me ya faru?"

"Fito ka dubi aikinka. A'a, ba daga nan ba. Daga titi."

Na fita, na tsaya inda masu wucewa suke tsayawa, na leƙa ta tsakanin ƙarafan. Kaburbura ne. Tudu, duwatsu, alama a wajen kai, kwance yadda muke kwantar da mamatanmu. Farar tsakuwar kuma irin wadda Kiristoci suke zuba wa nasu. Babu wanda zai gani, Musulmi ko Kirista, ya ce wani abu ne daban. Manya biyu da na yaro.

"Cewa suke yi rabon da a ga Madam tun Kirsimeti," in ji matata, murya ƙasa-ƙasa. "Ita da 'yarta da jikanta suka zo, kuma wai ba wanda ya ga fitarsu."

Da sassafe suka tafi a lokacin, ni na buɗe musu get. Amma wa zai shaide ni?

Na kira Madam, waya a kashe. Na sake kira, a kashe. Ranar Lahadi ce, na san tana coci, amma sanin bai hana ni sake kira ba. Na ɗauko shebur zan baje tudun, matata ta riƙe ni.

"Ka taɓa su yanzu, su ce gawa kake ɗaukewa."

Gaskiyarta. Na mayar da shebur, na zauna a kan benci, ina jin muryoyi suna ƙaruwa a bakin layi. Na san abin da taron mutane yake iya yi kafin a tambayi ba'asi. Na ce mata ta kwashe yara ta ƙofar baya zuwa gidan yayarta a unguwar Magajiya. Ta tura su da maƙwabciya, ita ta ƙi tafiya.

Kafin azahar mai unguwa ya iso da 'yan sintiri biyu, samari na biye da su, wasu da gora. Dattijo ne da muke sallah sahu ɗaya. Bai shigo ba sai da ya yi sallama.

"Malam, mutane na magana. Ni ban yarda ba, amma ido ya ga abin da ya gani. Mene ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, fulawa ce."

Wani daga baya ya ce, "Fulawa da likkafani!" Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Waɗanda ba su yi ba su nake kallo.

"Ina matar gidan?" in ji mai unguwa.

"Tana Abuja. Wayarta a kashe."

"A kashe," wani ya maimaita, ya ja kalmar.

Mai unguwa ya juya ya daka musu tsawa, sannan ya ce da ni a hankali, "Ba ka da wata hanya, sai a tona. Kuma ba kai za ka tona ba."

'Yan sintirin suka karɓi diga da shebur. Da ƙaramin suka fara. Na san babu komai a ciki, da hannuna na tara ƙasar, amma duk saran diga sai in ji kamar a ƙirjina. Har tunani ya zo mini: in fa akwai wani abu a ƙarƙashi tun kafin a gina gidan? In wani ƙashi ya fito, ko na akuya ne, wa zai tsaya dubawa? Suka wuce baƙar ƙasa, suka shiga ja, suka kai har gwiwa. Ɗayansu ya toshe hanci.

"Akwai wari!"

Taron ya matso. Matata ta ce da ƙarfi, "Kashin kaji ne, ɗan nan! Ba ka taɓa shiga akurki ba?"

Mai unguwa ya ɗebo ƙasar ya sunsuna, ya watsar, ya goge hannu a riga. Aka tone na biyu, aka tone na uku. Ana cikin na ukun wayata ta yi ƙara. Na kasa dannawa, mai unguwa ya karɓa ya buɗe murya kowa ya ji.

"Baba, lafiya? Na ga kira da yawa."

"Madam, mai unguwa ne. Kina raye?"

"Wane irin tambaya ne wannan?"

Nan samarin suka fashe da dariya, gorori suka sauka, mai ƙosai tana cewa ita dama ta san Malam ba zai iya yanka ko kaza ba. Ni ban yi dariya ba. Na ji yadda muryar Madam ta canza da aka yi mata bayani. An kira gidan mijinta maƙabarta, an tara mata jama'a a ƙofa. Abin da ta ce kawai shi ne, "Zan zo Asabar."

Kwanakin nan ban ci abincin kirki ba. Ban taɓa ramukan ba, don kada ta ce na ɓoye ɓarna. Aloberar da aka tumɓuke kawai na tsince, na jingina su a cikin ramukan saboda rana, ina ɗan yayyafa musu ruwa. Matata ta fara ɗaure kaya a ɓoye, na gani na yi kamar ban gani ba.

Madam ta zo da 'yarta. Ta daɗe a tsaye tana kallon ramuka uku da tarin ƙasa da tsakuwar da aka tattake. Na fara ba da haƙuri, ta ɗaga mini hannu. Ta sunkuya da ƙyar, ta taɓa ƙasan ramin.

"Yaushe ka zuba ruwa a nan?"

"Shekaranjiya, Madam."

"Har yanzu da sanyi, ramin ya riƙe ruwa." Ta miƙe tana dafa 'yarta. "To ka bar shi a rami. Ka rage zurfin, ka yi shi zagaye kamar kwano. Zagaye, Baba, ka ji? Kada in sake ganin abu mai tsawon mutum a gidan nan."

"In sha Allahu, Madam."

Ta nufi baya wajen boskwata, ta leƙa, ta ga ƙullin kaya a bakin ƙofa. Ta dubi matata.

"Wannan fa? Tafiya za ku yi ku bar ni da ramuka? Kwance kayan nan, ki kawo mini ruwa in sha."