Doguwar Fitilar Motar Doya

Na yi shekaru ina gyaran wayar mota a Karshi, tun ana bin hannun hagu, tun babu wanda ya yi mafarkin za a kafa babban birni a dajin nan namu. Rumfata tana bakin kasuwa, gindin wata ɗorawa. Motocin da ke shigowa ba su da yawa, duk na san halinsu kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. A cikinsu akwai wata babba mai bodin katako, ta wani Alhaji, tana kwasar doya daga ƙauyuka zuwa Keffi. Ita ta jawo mini abin da har yau in na tuna sai zuciyata ta tashi.

Direbanta dattijo ne, Gbagyi daga Jikwoyi, muna kiransa Baba. Mutum ne mai tsabta har ta yi yawa. Ba ya cin goro, ba ya shan taba, kullum da tsumma a aljihu yana goge sitiyari. Alhaji kuwa ba ya yarda mota ta yi tafiya ba ya ciki. Yana zaune a tsakiya, kafaɗa da kafaɗa da direba, bakinsa cike da goro da garin taba, yana koya wa mutumin da ya shekara ashirin da wani abu a kan hanya yadda ake shan kwana.

Ranar da abin ya faru Alhaji bai bi mota ba, ya tafi suna. Baba ya taso da asuba, ya zo wata kwana kafin Nyanya, mota ta sauka daga hanya ta jingina da gefen rami, doya ta watse a jeji. Ba wanda ya ji rauni. Baba ya ce doguwar fitila ce ta ɗauke masa farat ɗaya. Da aka jawo motar, Alhaji ya hau da kansa ya taka maɓalli, wuta ta kawo tar. Nan take ya yanke hukunci: fitila lafiyarta ƙalau, tsohon ne ya kamu da dundumi. Direban da aka ce ba ya gani in duhu ya yi kuwa ya gama tuƙi, ko amalanke ba mai ba shi.

Ranar kasuwa suka kawo mini ita. Alhaji ya ce, "Malam, kai ne alƙali. Ka duba ta ciki da bai. Zan shiga kasuwa, in na yi azahar na dawo ka faɗi gaskiya a gaban jama'a."

Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Baba ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya haɗa hannuwa. Ya ce, "Oga, wallahi idona yana gani. Motan ne ya yi mini." Na ce ya kwantar da hankalinsa, ruwa ba ya tsami banza.

Ƙwan fitilar irin waɗannan motoci zare biyu gare shi, ɗaya na gajeriyar wuta, ɗaya na doguwa. Abin da ke sauya su wani ɗan maɓalli ne a ƙasa, direba yana taka shi da ƙafar hagu, kusa da kulochi, wajen tsakiyar mota. Na kunna, na taka, ta kawo. Na sake takawa, ta koma gajeriya. Sau goma tana yi mini biyayya, har na fara satar kallon idon Baba. A na goma sha ɗaya na taka, gaba ɗaya ta ɗauke. Na leƙa gaban mota, babu ko ƙyalli. Baba ya miƙe tsaye yana cewa, "Ka gani? Ka gani?" kamar an yi masa albishir da haihuwa.

Na fara daga inda ake farawa. Na ciro ƙwai biyun na ɗaga su a rana, zarensu lafiya. Fiyus bai ƙone ba. Kan batir a ɗaure yake tamau. Wayar da ke kama jikin mota na kankare ta na mayar, ba a ga canji ba. Sai na ɗauko ɗan ƙwan gwajina mai waya biyu, na riƙa bin layi taki-taki. Wuta tana fitowa daga makunni, tana gangarawa har ƙasa wajen maɓallin ƙafa, daga nan ba ta wucewa. A wajen an shimfiɗa wani tsohon buhu, an huda shi kan maɓallin ya leƙo. Na kama bakin buhun na ja, ya ƙi tasowa. Na sa ƙarfi, ya ɓantaro da wata ƙara kamar ana ɓare ƙanzo.

Warin ne ya fara dukana. Na sha shiga ƙarƙashin motar shanu, na taɓa ciro mataccen ɓera daga cikin waya, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Tofin goro ne da garin taba da majina, na shekara da shekaru, ya bi ta cikin buhu ya taru ya yi kauri. Samansa ya bushe ya yi ja-ja, ƙasansa jiƙe yake da danshi, yana yauƙi. Kyankyasai suka watse ta ko'ina, wani ya bi hannun rigata. Maɓallin yana tsakiyar wannan ƙazanta, bakin wayoyinsa uku sun yi kore shar, ta doguwar fitila saura ƙiris ta rabu. In mota ta girgiza ta taɓa, in ta sake girgiza ta saki. Na diro na koma bayan ɗorawa na amayar da kokon da na sha da safe.

Ba sai an tambayi mai shi ba. Daidai nan ƙafafun Alhaji suke sauka. Tagar hagu ta yi masa nisa, ta dama direba ya tare, sai ya sunkuya ya tsartar a ƙasa. Baba yana wanke motar duk mako, amma buhun nan Alhaji ne ya shimfiɗa shi don takalmansa, ya kuma hana a taɓa.

Na dawo ina tofar da yawu, na ɗauko kananzir da tsohuwar wuƙa. Baba ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Oga, kar ka wanke tukuna. Bari Alhaji ta zo ta gani da idonta."

Na fizge hannuna. Na ce, "Haba Baba! In zauna da wannan a rumfata har azahar, ƙuda na bina? Ai ni na gani, kai ma ka gani. Bakina bai isa ba?"

Ya koma kan tayarsa. Ni kuwa ƙyama ta rufe mini ido. Na kankare, na zuba kananzir, na sake kankarewa, na kwashe da kwali na kai bola, buhun na cinna masa wuta. Na yanke bakin wayoyin na fere sababbi na ɗaure. Na wanke hannu da toka sau uku, ina shinshinawa ina sakewa. Kafin a kira salla wajen yana ƙyalli, ina ta jin daɗin aikina kamar wani wawa.

Alhaji ya dawo da mutane biyar ko shida a bayansa, dillalan doya da wani mai unguwa, sabon goro a kumatunsa. Bai tambaye ni komai ba, ya hau mota ya taka maɓalli. Ta kawo. Ya taka ya fi sau ashirin, ko gezau ba ta yi ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai gyara ta na yi. Ɗazu ta ɗauke mini ni ma."

Ya ce, "Me ka canza? Ƙwai?"

"A'a."

"Fiyus? Maɓalli?"

"Ban canza komai ba. Datti ne ya ci bakin waya."

Ya leƙa ƙasa, ya ga ƙarfe fes. Ya ce, "Wane irin datti?"

Jama'a suka zuba mini ido. Na dubi bakinsa, jan yawu ya taru a gefen leɓe, yana neman inda zai tsartar. Kalma biyu ce kawai: tofinka ne. Amma a gaban mai unguwa, a ranar kasuwa, ga mutumin da rabin motocin da nake gyarawa na abokansa ne? Na ce, "Datti dai, irin na mota."

Alhaji ya yi dariya. Ya juya ga mutanensa ya ce, "Kun ji ko? Malam mutumin kirki ne, yana so ya rufa wa tsoho asiri. Bai canza ko ƙusa ɗaya ba." Ya miƙa wa Baba hannu ya ce, "Kawo makulli. Ka je ka nemi hantar akuya ka gasa, an ce tana maganin dundumi." Sannan ya sunkuya ya tsartar daidai inda na wanke.

Baba ya ba da makullin. Bai ko dube ni ba. Ya bi hanyar Jikwoyi a ƙafa. Laifi tudu ne, in ji masu magana. Na ga na Alhaji sarai, na yi ta ƙyamarsa, ga nawa ina tsaye a kai.

Abin ya hana ni sakat. Bayan damina na ji wani mai motoci a Keffi yana neman direba mai hankali. Na rufe rumfa na hau mota takanas na je na same shi. Na ce akwai wani dattijo a Jikwoyi, ba a taɓa samun direba irinsa ba a hanyar nan, na kwashe labarin duka na gaya masa, har da buhun, har da kyankyasan.

Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Wai mai dundumin nan? Haba Malam. Ai kowa ya sani, kai da kanka ka duba motar a gaban jama'a, ba ka sami abin canzawa ba."