Jan Ɗigon Bakin Fadama

Shekara bakwai ke nan da ɓarayin shanu suka tare yayana Haruna yana dawowa daga kiwo, suka kora garken, suka bar shi kwance a bakin fadama. Allah ya jiƙansa.

Haruna mutum ne mai kai ƙara. Ko akuya aka sace a rugarmu, sai ya hau babur har Gwandu ya shaida wa 'yan sanda. Dattawa kan ce ya bar wa Allah, shi kuma ya ce ciwon da aka ɓoye ba ya samun magani.

Bara na raka wani maƙwabci ofishin 'yan sandan, wani jami'i ya juyo mana da kwamfutarsa. Taswirar yankinmu ce har zuwa Kalgo, kowane rahoton sata ko fashi an sa masa jan ɗigo. Ya ce da ita suke gane inda ɓarna ta fi yawa, sai su tura sintiri can. Hanyarmu ta yi jajir. Na nuna ɗigon bakin fadama, ya duba ya ce, "Malam, wannan tsoho ne, kisa ne." Ban gaya masa ɗan'uwana ne ba.

Gaskiya sintiri ya ƙaru, mun kuma gode. Amma magana ta bazu. Direbobi sun daina shigowa, masu sayen nono sun koma wasu rugage. Sanusi ɗan Haruna kuwa, duk shingen binciken da ya faɗi inda ya fito sai an sauke shi. Mutanenmu suka fara cewa a daina kai rahoto, tunda tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. In mun yi shiru kuma, jan ya dushe, motar sintiri ta koma wani wuri, ɓarayi su dawo. Gaba kura, baya siyaki. Tashi ma ina za mu? Nan burtalinmu yake, nan kaburburanmu.

Nakan tambayi kaina me Haruna zai ce da ya ga haka. Zai yi murna an fara saurare, ko zai ji shi ya jawo mana? Ban sani ba.

Watan jiya aka sace bijiman Sanusi biyu. Dattawa suka roƙe shi ya yi haƙuri, ni ma ban hana su ba. Washegari da hantsi ya tsaya ƙofar gidana da babur, ya ce, "Baffa, hau mu je."

Haruna bai bar garke ba, bai bar mana mafita ba. Wannan taurin kan ya bari. Na ɗauko hulata na hau.