Ciwon da Babana Ya Kawo Daga Bama

Ranar wata Juma'a ce da kaka, a shekarar da aka sallamo sojojin da Turawa suka kai yaƙi ƙasar Bama. Ina zaune a ƙofar gidanmu, a ƙauyenmu da ke tsakanin Bodinga da Shagari, ina 'yar carafke, sai ga jaki ya nufo zaurenmu ɗauke da wani dogon mutum cikin kakin soja, yara na biye da shi. Da aka sauke shi na ga ƙafar wandonsa ta hagu a naɗe zuwa gwiwa, an soke ta da fil. Ya dogara sanduna biyu a hammata, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Hadiza, ashe kin girma haka." Na ruga cikin gida na ce wa Inna ga wani baƙo gurgu a waje. Inna ta leƙa, ta saki taɓarya, ta zauna a ƙasa. Babana ne. Ban daɗe da yaye ba aka tafi da shi, kuma ba da son ransa ba. An ce wa mai gari ya kawo ƙarti, shi kuwa Baba ba shi da mai tsaya masa.

Noman gero ya gagare shi, sai ƙanensa ya ci gaba da riƙe gonar tudu. Ƙafar icen da aka ba shi a bariki tana cin dungun ƙafarsa har ya yi jini, don haka ya jefa ta bayan rumbu. Amma Baba ba mai zama a ciyar da shi ba ne. Da rani ya kama albasa a fadama. Ya kafa jigo a bakin rijiya, ya kafa wata gwafa kusa da shi inda yake ɗora dungun, ya yini yana jan ruwa a kan ƙafa ɗaya. Ni ke kai masa fura, in tsaya ina buɗe wa ruwa hanya daga fangali zuwa fangali, taɓo har gwiwa. In mun dawo sai ya zauna a zaure yana tufkar igiya, ya ɗora ni a cinyarsa mai lafiya, ya yi mini 'yar tsana da karan dawa. Mutanen gari suna kiransa Kofur, suna son ya ba su labarin yaƙi, shi kuwa abin da yake faɗa bai wuce, "Ƙasa ce da ruwa ba shi ɗaukewa, itace kuma ya hana ka ganin rana."

Abin ya faru ne a ƙarshen wata bazara, muna cire sauran albasa da la'asar. Hadarin farko ya taso daga gabas, aka yi wata tsawa mai ƙarfi. Ban ankara ba na ji an fizge ni an maka ni cikin ramin ruwa. Baba ya faɗo kaina da dukan nauyinsa, ya danne kaina cikin taɓo, yana kiran sunayen mutanen da ban sani ba, yana ce musu su kwanta. Na ji hannuna na dama ya yi ƙas. Na yi ta kiran sa, amma ba ni yake ji ba. Sai da makwabtanmu na fadama suka taru suka ɗaga shi. Ya dubi hannuna yana lilo, ya dubi nasa hannuwan.

Maɗori ya ɗaure karayar, amma magana ta riga ta zaga gari cewa Kofur ya taɓu. Bayan 'yan kwanaki yayan Inna, Kawu Bello, ya zo daga Lambara. Ya tsaya a tsakar gida ya ce mata, "Ɗauko ɗiyanki mu tahi. Wanga mutum ba shi cikin hankali nai." Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce, "Yaya, da ƙahwa biyu anka ɗauke shi daga gidan ga, ba wanda ya tanka. Yanzu da anka maido min shi haka, ba ni barin shi." Baba yana jin su daga zaure. Ya ce, "Gaskiya ya faɗi, Rabi. In kin tahi ban riƙe ki da komai ba." Inna ta ci gaba da tankaɗenta. Kawu ya koma shi kaɗai.

Tun daga ranar Baba ya kafa wa kansa doka. Da zarar hadari ya haɗu sai ya shiga zaure, ya sa Inna ta ɗaure ƙyauren ta waje da igiya. Mukan ji shi a ciki yana nishi, wani lokaci yana karatu da ƙarfi don ya danne ƙarar tsawa. An yi masa rubutu, an yi masa hayaƙi, abin bai tafi ba. Ya hana ni zuwa fadama, ƙanena, wanda Inna ke da cikinsa lokacin da aka tafi da Baba, ya karɓi aikina. Bai sake ɗora ni a cinyarsa ba. In na matso sai ya yi mini murmushi ya ja jikinsa gefe. Wannan ya fi karayar yi mini ciwo, kuma ban san yadda zan gaya masa ba.

Gyambon da ke dungun ne ya ci shi, kafin Turawa su bar ƙasar. Kwana kaɗan kafin ya cika ya sa aka kira ni. Ya kama hannuna na dama, ya shafa ƙullin da ƙashin ya yi a wurin ɗorin, ya ce, "Har yanzu yana miki ciwo?" Na ce a'a, Baba. Ya riƙe hannun har barci ya ɗauke shi.

Yau jikata tana aikin jinya a asibiti. Ta ce mini irin ciwon Baba yana da suna, har akwai likitocin da ke zama da mai shi su saurare shi. A zamaninmu ba mu da wannan, sai haƙurin Inna. A garin ma yanzu da wuya ka sami wanda ya san an taɓa yin wani Kofur. Ni dai na san mutumin da ya nisanci 'yarsa don tsananin son ta.