Mai Auna Ruwan Jiya

Shekara talatin da ɗaya ke nan, kullum ƙarfe bakwai na safe Mai Kwalba yana tsugune a bayan ofishin hasashen yanayi, yana juye ruwan saman da mazurari ya tara cikin kwalbar awo, ya rubuta a littafi. Ko ranar da aka haifi 'yarsa ta fari sai da ya je. Tsugunon nan ya cinye masa gwiwoyi.

Maƙwabta kuma ba sa barinsa ya sha iska: "Malam, gobe za a yi ruwa?"

"Ni na jiya na sani," yakan ce, ya wuce.

Matarsa kuwa tuntuni ta daina tambaya. In ta ji yana nishi da gwiwa wajen miƙewa, sai ta fita ta kwashe shanya.